Dokar da Ta Zaunar da Baba Kusa da Lasifika

Na sha jin ku kuna maimaita maganar nan in kun haɗu a gidan suna ko wajen zaman makoki, cewa injin babanku ne ya kashe sana'ar kakanku. Wasunku ma har da ƙarin gishiri, wai ni ce na je na yi wa tsohon kuka har ya zubar da girmansa saboda ni. Gwaggonku ce ta kawo wannan labari, Allah ya jiƙanta, kuma ba na jin haushinta. Ba ta Minna a shekarun, tana can gidan aurenta a Zungeru, abin da ya isa kunnenta shi ta riƙe har ta koma ga Allah. Ni kuwa ina nan aka yi komai, a gaban idona. Tun da ajin yaƙi da jahilci ya bar mini ɗan abin da zan iya riƙe biro da shi, gara in rubuta muku yadda aka yi, wanda ya ga dama ya yarda.

Kakanku, wanda duk gari ke kira Sale Mai Kalangu, ya zo Minna yana saurayi daga ƙasar Zazzau, ya biyo masu aikin hanyar jirgi. Da ya tarar mahautan kasuwa ba su da makaɗi, sai ya ajiye diga ya koma ga abin da ya gada. Kullum da hantsi, in an gama fiɗa an rataye nama, yana tsaye bakin rumfar mahauta da kalangu a hammata. Mace tana cikin gidanta za ta ji ta san sa aka yanka ko rago, kuma na wane ne, domin kowane babban mahauci yana da takensa, wato kiɗan da in an yi shi an kira sunansa da na ubansa ke nan. A gidan biki ma haka yake yi. Ba ruwansa da masu rawa. Zai dubi taro ya zaɓi mutum ɗaya, ya matsa tsarkiyar kalangu ya kira shi, kuma dole mutumin ya miƙe, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya taho ya ba da abin da ya sawwaƙa. Wanda ba shi da ko kwabo ma yakan miƙe, don a san ya ji. Tun ina ƙarama nake jin Baba yana faɗa wa masu koyo magana ɗaya a zaurenmu:

"Kiɗa kira ne. In ka kira ba a amsa ba, fatar akuya kawai ka daka."

Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. "Yarinyar nan" nake a bakinsa har na haife ku duka.

Babanku kuwa, Garba (bakina bai taɓa faɗin sunan nan ba, amma biro ba ya jin kunya), yana aiki a shagon gyaran jirgi lokacin da aka ba shi ni, shi ke haɗa wayoyin wuta. Baba ya yarda da shi saboda yana da albashi, kuma in ban da goro ba abin da yake sa wa a baki. Ba mu daɗe ba ya ajiye aikin, ya sayi garmaho da lasifika a hannun wani ɗan kasuwa da zai bar gari, ya haɗa su da batirin mota. Ya tara fayafayai iri-iri, na Hausa, na Yarabawa, na Nufawa, na Indiya, da na mutanen bakin teku masu busa ƙahon ƙarfe. Ku da kuka tashi a Minna kun san garin baƙi ne. Biki ɗaya za ka tarar da Bagware da Banufe da Bayarabe da Bahaushe a benci ɗaya, kowa da irin Hausarsa. Kalangun Baba taken gidajen Hausawa kaɗai ya sani. Injin babanku kuwa ba ya tambayar ɗan wane ne kai, in an ɗora allura kowa ya tashi. Kafin a ankara samari sun daina yarda a yi musu biki babu lasifika a bisa bishiya, har wasu mutum biyu suka kwaikwaye shi suka sayi nasu. Makaɗa suka fara kwana da yunwa, wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan an raba Arewa jiha-jiha aka haɗa mu da Sakkwato, sai aka buɗe wani ɗan ofishi na raya al'adu, aka kawo wani matashi, Malam Yusufu, ya riƙe shi. Mutumin kirki ne. Da ƙafarsa ya zo zauren Baba, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma, ina gidan ranar na kawo wa Inna cefane, muna jin su ta bayan zana. Ya ce ƙasa ta samu 'yancin kai, amma kunnuwan yaranta suna hannun baƙi. Ya ce in aka bar abin haka, nan gaba sai an nuna wa yaro hoton kalangu a littafi. Baba bai gane zancen littafin ba, amma ya gane an zo taimakonsa. Shi da Sarkin Makaɗa da wasu dattawa suka yi ta zarya ofishin, har aka fito da doka. Ba za a ƙara kunna inji a gidan biki ko suna a cikin gari ba sai an ɗauki makaɗin gargajiya an sallame shi yadda aka saba. Kowane makaɗi na gaskiya za a ba shi lambar tagulla ya maƙala a ƙirji, don 'yan doka su gane shi. Mai lamba kuma ba zai ƙara tsayawa kiɗa a kasuwa ba, domin wai wannan roƙo ne, yana rage wa sana'ar daraja. Da mota aka zaga gari ana shelar dokar, kuma da lasifika aka yi shelar.

Baba bai yi mini ɓoye-ɓoye ba. Ya aiko Inna ta gaya mini da hannunsa a ciki. Inna, kun santa, ba ta iya ɗauko saƙo ta ajiye shi yadda aka ba ta.

"Ya ce in gaya miki ba mijinki yake nufi ba," in ji ta. "Ni kuma na ce to wa yake nufi, aljani? Duk garin nan wa ya fara rataya baƙin ƙarfen nan a bishiya?"

"Inna, ai doka ba ta hana shi aiki ba. Makaɗi kawai zai nema."

"To, Allah ya sa ya samu. Kin san dangin ubanki da riƙo."

Baba ya karɓi lambarsa da murna. Barin kasuwa ya yi masa ciwo, don can ne ya fi jin daɗin hannunsa, amma ya ce ba komai, tun da gidajen biki za su dawo. Da farko kamar sun dawo. Mai biki zai ɗauki inji ya ɗauki makaɗi, makaɗi ya fara, a ba shi wuri. To amma samari ba don shi suka zo ba. In ya ɗan jima sai a fara tari, ana kallon mai inji, wani marar kunya ya ce a sallami tsoho ya huta. Sannu a hankali abin ya koma makaɗi ya gai da mai gida da bugu kaɗan ya zauna. Daga baya gaisuwar ma aka yafe ta. Abin da ake bukata kawai shi ne in ɗan doka ya leƙo ya ga mutum da ganga a cinya da lamba a ƙirji. Akwai wani ɗan doka Bagware da yakan zagayo a keke, ba ya ma sauka, daga bakin hanya zai ce, "Ina mai ganga? To, ya zauna, shi ke nan," ya wuce. Mutanen gari suka raɗa wa abin suna kiɗan zama. Makaɗa da yawa sun ji daɗinsa, domin ga sallama ga tuwon biki, kafaɗa kuma ba ta ciwo. Baba ya je irin wannan biki sau ɗaya, da ya ga inda aka dosa ya rataya kalangunsa ya dawo gida, ya ce shi ba ya kai kalangu inda ba za a bar shi ya yi magana ba.

Mu kuma abin da Inna ta hango shi ya faru. Sarkin Makaɗa ya tara mutanensa ya ce sauran masu inji biyun baƙi ne, neman abinci ya kawo su, a zauna musu. Amma Garba ya auri 'yar makaɗi sannan ya kawo abin da zai kashe gidan da ya auro, saboda haka duk mai lambar da ya zauna masa ba ya cikinsu. Babanku ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har Kuta ya je neman wanda zai yarda, ba wanda ya amsa. Kaka ta shigo, lokacin da ake ɗaura aure ko'ina, muna jin lasifikan mutane daga nesa, namu yana ƙuryar ɗaki na lulluɓe shi da tsohon zanena. Babanku ya koma shagon jirgi aka ce an cike gurbinsa. Lokacin yaƙin basasa ne, komai ya yi tsada, ga yayarku Binta a goye, ga wani cikin. Na fara tuyar ƙosai ina aikawa tasha. Da abin ya ƙi, na fara sauke kwanonin jerena ɗaya bayan ɗaya ina ba dillaliya. Babanku ba mai yawan magana ba ne. Yakan zauna ya fito da fayafayan ya goge su da tsumma ya mayar, har na fara jin haushin ƙarar tsumman.

Ban je wurin Baba ba. Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna muku. Ko da na so zuwa, 'yar fari ba ta zama gaban ubanta ta karanta masa halin gidan mijinta. Inna ce ta zo duba ni, ta ɗaga ido ta ga bangon ɗakina fayau, inda da kwalla da tasoshi suke jere har sama. Ta sha ruwa ta tafi. Ita ta ba ni labarin abin da ta gaya masa da ta koma, kuma na san ba ta rage ba, sai dai in ta ƙara.

"Malam, dokarka ta yi kyau. Kai ba kasuwa ba biki, surukinka ba biki ba jirgi. Gida biyu ka rufe da lamba ɗaya. Kwanonin da ka yi shekara kana tara wa yarinyar nan suna yawo a kan dillaliya, in kana so in sayo maka ɗaya ka riƙa cin lambar a ciki."

Kada kuma ku ɗauka don ni kaɗai ya yi abin da ya yi. Gidansa ma a lokacin ba kullum ake ɗora tukunya sau biyu ba, kuma shi ya san haka.

Bayan kwana kaɗan, da la'asar, aka yi sallama a ƙofar gidan da muke haya. Tun da aka kawo ni Baba bai taɓa taka ƙofar nan ba. Babanku ya fita da sauri ya durƙusa, ni kuma na laɓe a bayan ƙyaure.

"Malam Garba, ranar Asabar akwai biki a unguwar nan?"

"Akwai, Baba, gidan wani Banufe mai ɗinki. Sun neme ni, na ce musu ba ni da hali."

"Je ka gaya musu kana da makaɗi."

Babanku ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wa ke nan, Baba?"

"Ka ga wani a nan ban da ni?"

Ranar Asabar ya zo da lambarsa a ƙirji, amma kalangun da ke kafaɗarsa ba wanda muka sani ba ne. Wani tsohon kalangu ne da ya yi koyo da shi, ya daɗe a rataye a rumbu, fatarsa ta saki, tsarkiyarsa ta bushe, ko ka doke shi da taɓarya ba abin da zai ce. Baba ya sa masa suna Bebe. Ya ce wa Inna in dai zama ne, Bebe ya iya zama, amma ba zai kai kalangunsa na gaske ya ji wannan kunyar ba. Ɗan doka kuwa ba ya bambance kalangu mai rai da matacce daga kan keke.

Haka aka fara, kuma duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin suruki da suruki zai gane abin da mutanen nan biyu suka haɗiye. Mutumin da ba ya iya cin abinci a gaban uban matarsa, ga shi kowane mako suna zaune a inuwa ɗaya tun azahar har magariba. Babanku yakan kafa teburinsa ya juya baya kaɗan, Baba ya shimfiɗa buzunsa a gefe ya ɗora Bebe a cinya ya kafa wa ƙasa ido. In an kawo tuwo, ɗaya ya tashi kamar zai kama ruwa har ɗayan ya gama. Ba sa magana. In faifai ya ƙare babanku ya juya shi, Baba ya gyara zama. Sarkin Makaɗa ya aiko a gaya masa ya ci amanar 'yan'uwansa, Baba ya ce a gaya masa ya ji. Mahautan da ya yi wa kiɗa shekara da shekaru suka koma kiransa Sale Mai Gadin Inji, wasu da wasa, wasu da gaske. Ni kuwa na ji kunya, na kuma ji daɗi, domin mun koma cin abinci, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa kunyar ta fi daɗin yawa ba. A duk wannan lokaci kalangun gaske yana rataye a ɗakin Baba cikin jakar fata. Inna ta ce yakan sauko da shi ya shafa wa tsarkiyar mai ya mayar. Abin da ya riƙe shi, a ganina, shi ne ya tabbata duk ranar da aka ba shi fili ya kira, za a miƙe.

Filin ya zo bayan kamar shekara guda. Aka ce manyan baƙi za su zo daga Sakkwato su ga yadda dokar take aiki, don ana tunanin a kai ta wasu garuruwa. Malam Yusufu ya san da kiɗan zama, ba makaho ba ne, kuma na ji an ce abin yana damunsa. Ya nemi bikin da zai kai baƙinsa, ya zaɓi na wani akawun tasha mai suna Isa, ya zo da kansa ya roƙi Baba ya yi kiɗa na sosai a ranar, ya ce za a kashe inji a ba shi wuri yadda yake so. Da Baba ya ji ko wane ne angon sai fuskarsa ta sake. Isa jikan Tanko ne, babban mahaucin da Baba ya fara yi wa kiɗa da ya zo garin nan. Tanko ya rasu, ɗansa uban Isa ma ya rasu da wuri, yaron ya tashi a makarantar kwana, ya dawo ya kama aikin ofis. Taken gidan Tanko kuwa Baba ne ya ƙirƙire shi da hannunsa. In an fassara abin da kalangun ke cewa, shi ne: bijimi na Halima, mai wuƙa biyu, namanka ba ya ganin azahar.

Mako guda Baba yana shiri. Ya sa aka nemo masa fatar ɗan akuya ya sake wa kalangun baki, ya canza tsarkiyar da ta gaji, ya kai babbar rigarsa aka buga. Da asuba maƙwabta suka fara jin abin da suka daɗe ba su ji ba yana fitowa daga zaurensa a hankali. Inna ta ce da ni:

"Ubanki ya koma yaro. Jiya har gemu ya sa aka gyara masa. In ba a yi hankali ba shi za a kai wa amaryar."

Na je bikin, domin dangin amarya maƙwabtanmu ne. Muna tsaye mu mata a bakin zaure muna leƙe. An kwaso bencina daga makaranta an jera su layi-layi a ƙofar gida, abin da ban taɓa gani a gidan biki ba. Baƙi suna gaba a kujeru, ango yana tsakiyarsu da farar riga da agogo. Tsofaffin mahauta an tura su can baya. 'Yan doka suna zagawa suna cewa kowa ya zauna wuri ɗaya, ba a son hayaniya a gaban manya. Malam Yusufu ya yi jawabi, ya ce ga ɗaya daga cikin taskokin ƙasar nan da doka ta tsare. Babanku ya ɗage allura. Baba ya miƙe ya shiga fili.

Na sha jin kiɗan ubana, amma ban taɓa jin hannunsa kamar na ranar ba. Ya fara da gaisuwa, ya zaga, ya bar kalangun ya warware muryarsa. Sannan ya zo ya tsaya daidai gaban ango, ya matsa tsarkiya, ya saki taken Tanko. Can baya na ga tsofaffin mahauta sun zabura, wani har ya ɗaga hannu, ɗan doka ya yi masa nuni ya koma ya zauna. Ko da ma an bar su, kiran ba nasu ba ne, mai shi yana gaba. Ango yana murmushi, yana kaɗa kai daidai da bugun, kamar yadda mai ladabi yake yi in ana yi wa baƙinsa wasa. Baba ya matsa kusa ya sake kira. Wata tsohuwa kusa da ni, ƙanwar Tanko ce, ta kama hannuna ta matse, tana cewa a hankali:

"Tashi mana, Isa. Kai ake kira. Tashi, ɗan nan."

Muryarta ba ta wuce zauren ba. A ƙa'idar Baba ba ya kiran mutum fiye da sau uku. Ya yi na ukun a hankali, yana fitar da kowace kalma, yadda ko yaro zai iya bin ta. Sannan ya tsaya, ya sauke hannunsa.

Sai babban baƙon ya fara tafi. Malam Yusufu ya bi, sauran baƙi suka bi, bencina suka ɗauka. Ango ya fi kowa ƙarfin tafi, kuma shi ya fi kowa daɗewa yana yi. Baba yana tsaye yana kallonsa. A duk rayuwarsa ba a taɓa tafa masa ba, domin a wurinmu 'yan mata ne ke tafi a dandali. Babban baƙon ya taso ya ba shi hannu, aka ɗauki hoto. Malam Yusufu ya yi wa babanku alama ya ci gaba, amma babanku ya kasa ɗaga hannu, yana zaune kamar an dasa shi. Baba ya dawo ya zauna a buzunsa, bai dube shi ba, ya ce:

"Sa musu."

Ya sa. Samari suka ture bencina suka cika fili, har da angon.

Washegari na je gaishe shi. Na same shi a zaure yana jan carbi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na yi masa ban gajiya, ya amsa. Har na yunƙura zan shiga wurin Inna sai ya ce:

"Yarinyar nan, kin ji wanda na kira jiya?"

"Na ji, Baba. Gidan Tanko."

"To. Ni na yi kiɗan sunan ubansa. Na kira shi da kakansa, na kira shi da kakarsa, ya tafa mini." Ya ja carbinsa. "Yaron kirki ne. Ba wanda ya gaya masa."

Babu faɗa a muryarsa, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. A ɗakin Inna na yi kukan da gwaggonku take cewa na yi, sai dai ta sa shi a wurin da ba nan ne ba.

Baƙi sun koma da labari mai daɗi, Malam Yusufu ya samu yabo, kuma ban ce bai cancanta ba. Dokar nan ta ciyar da gidajen makaɗa da dama a shekarun da abinci ya yi wuya, har da namu gida biyu. Abin da ba ta iya ba shi ne ta sa yaro ya san taken gidansu, kuma ban san wace doka ce za ta iya wannan ba. Bayan yaƙi ta yi ta sanyi har aka manta da ita, ba tare da wani ya zo ya ce an soke ta ba. Na ga jikokina yanzu suna zuwa taro ana maganar yadda gwamnati za ta kare masu fasaha, ina jin su, ba na sa baki.

A makon da ya biyo bayan bikin Isa babanku bai yi barcin kirki ba. Ya ce da ni shi ya gama, zai sayar da injin ya nemi ko dako ne a tasha, ba zai ƙara zaunar da tsohon nan a gaban mutane ba. Na ce ya yi abin da ya gani. Ya aika a gaya wa masu bikin Asabar su nemi wani, ya kuma yi niyyar zuwa ya gaya wa Baba da bakinsa, amma kunya ta hana shi, kullum sai ya ce gobe. Ranar Asabar da azahar muka ji sallama. Babanku ya fita ya durƙusa, na bi shi har bayan ƙyaure. Baba ne, da lambarsa a ƙirji da buzunsa a hannu. A kafaɗarsa kuma kalangun gaske ne, da sabuwar fatarsa, ko jakar bai sa masa ba.

"Malam Garba, ba ka shirya ba? Na biya ta gidan bikin, na ce musu muna zuwa."

Babanku ya ɗaga kai ya dubi kalangun, ya sake dubawa. Na ga abin da ya zo masa a rai, don ni ma shi ya zo mini.

"Baba, kiɗa za a yi yau?"

"Zama za a yi."

"To ai na ga ba Beben ba ne."

Baba ya gyara ratayar a kafaɗarsa.

"Duk ɗaya ne yanzu," in ji shi. "Ɗauko injinka mu tafi, kada mu sa mutane jira."